Yaƙi Aka Yi a Pinjarra Ko Kisan Kiyashi? Yadda Turawa 'Yan Kama-Wuri-Zauna Suka Murƙushe Al'ummar Noongar

Ranar 28 ga Oktoba, 2025, Gwamnan jihar Yammacin Ostareliya, Chris Dawson, ya je garin Pinjarra ya nemi gafarar al'ummar Binjareb, ɗaya daga rukunonin Noongar 'yan asalin yankin, kan kisan da gwamnan farko na yankin, James Stirling, ya jagoranta a wurin shekara 191 da suka wuce. Gwamna a can wakilin Sarkin Ingila ne, ba shi ke tafiyar da gwamnati ba, amma kujerar da yake kai ita ce wadda Stirling ya fara zama a kanta.

Neman gafarar ya taɓo wata tsohuwar gardama. An daɗe ana kiran abin da ya faru "Yaƙin Pinjarra" a littattafan tarihi, su kuwa jikokin waɗanda aka kashe ba su taɓa daina cewa kisan kiyashi ne ba. Wa ke da gaskiya? Kuma ta yaya gwamnan da ya yi shela a 1829 cewa zai hukunta duk wanda ya zalunci 'yan asalin ƙasa, ya zama shi ke kan doki a gaban masu harbinsu bayan shekara biyar kacal?

## Su wane ne Noongar?

Su ne 'yan asalin kusurwar kudu maso yammacin Ostareliya, ƙasa mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 200,000, daga wajen Jurien Bay a arewa zuwa kusa da Esperance a kudu maso gabas. Birnin Perth, babban birnin jihar, na cikinta. Binciken da aka yi a kogon Devil's Lair ya nuna mutane na zaune a yankin fiye da shekara 45,000. Sun kasu rukuni 14 masu karin harshe daban-daban: Whadjuk a bakin kogin Swan, Binjareb a kogin Murray, Ballardong a kwarin Avon, Wardandi a wajen Busselton, Menang a Albany, da sauransu. Yawancin ƙiyasi na cewa sun kai 6,000 zuwa 10,000 lokacin da Turawa suka sauka, wasu masana kuma na ganin sun fi haka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukarsu a matsayin masu yawo ba alƙibla. Kowane dangi na da yankinsa da kowa ya san iyakarsa, kuma baƙo ba ya farauta ko tona a ciki sai da izini. Shekararsu yanayi shida ce, kowane yanayi da wurin da ake zama da abin da ake ci. Suna cinna wa daji wuta kashi-kashi a kan lokaci don sabuwar ciyawa ta fito ta jawo kangaru. Suna tonon wata doyar daji da suke kira warran a filaye sanannu da ake komawa duk shekara, suna cin saiwar kacalla a fadamu, suna da shingen kamun kifi kamar na Barragup a kogin Serpentine, inda dangogi ke taruwa lokacin da kifi ya yi yawa. Filayen da Turawa suka gani suka ce sun yi kama da lambun da aka gyara, gyara su ɗin aka yi.

## Shelar 1829 da ƙullin da ta ƙulla

A ƙarshen Disamba 1826 Manjo Edmund Lockyer ya kafa ƙaramin sansanin soja a inda Albany take yanzu. Shekarun farko a can an zauna lafiya gwargwado. Wani ɗan Menang mai suna Mokare ya yi abota da jami'an sansanin, har likita Alexander Collie ya bar wasiyyar a binne shi kusa da kabarinsa. Dalilin zaman lafiyar a fili yake: mutanen sansanin kaɗan ne, abincinsu ta jirgin ruwa yake zuwa, ba su zo neman gonaki ba.

Na kogin Swan daban ne. Ranar 2 ga Mayu, 1829, Kyaftin Charles Fremantle ya kafa tuta ya ce yammacin nahiyar ya zama na Birtaniya. Stirling ya iso a watan Yuni da ayarin farko, aka kafa Perth ranar 12 ga Agusta. Abin da ya jawo mutanen daga Ingila shi ne fili: duk wanda ya zo da dukiyar fam 3, ko kayan aiki ko dabbobi, za a ba shi eka 40. Wani mai zuba jari, Thomas Peel, ya samu eka 250,000, Stirling kansa 100,000. Ba a yi yarjejeniya da kowa ba, ba a biya kowa ba. A New Zealand an rattaba hannu kan yarjejeniyar Waitangi a 1840, duk da abin da aka yi mata daga baya. A Ostareliya kuwa an ɗauka cewa ƙasar ba ta da mai ita a idon doka.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai fi gane bambancin idan ya tuna cewa Birtaniya ta ci Arewacin Nijeriya da yaƙi, ta zubar da jini a Burmi a 1903 da Satiru a 1906, amma haraji da amfanin gona take so, don haka tana bukatar manomi ya ci gaba da zama a gonarsa. A kogin Swan gonar ake so, mai ita kuwa ya zama cikas.

Shelar da Stirling ya sa aka karanta ranar 18 ga Yuni, 1829 ta ce duk wanda ya cuci 'yan asalin ƙasa za a gurfanar da shi kamar ya cuci kowane talakan Sarki. Maganar ta yi daɗin ji, amma ga abin da ke ƙarƙashinta. Idan Noongar talakawan Sarki ne, to ba za su iya yin yaƙi da Sarki ba. Duk wanda ya ɗaga mashi don kare ƙasarsa ɓarawo ne ko mai kisan kai. Ba a sulhu da shi, ba a ɗaukarsa fursunan yaƙi. Idan kuma an zo hukunta shi, sai a manta da kotu a tura sojoji kamar ana fuskantar abokan gaba. Ga kotun ma, a shekarun farko ba ta karɓar shaidarsa saboda ba ya rantsuwa da Littafi Mai Tsarki, sai a 1841 aka yi dokar da ta sassauta wannan. Suka rasa kariyar talaka, suka rasa haƙƙin abokin gaba. Kusan duk abin da ya biyo baya daga wannan ƙulli ya fito.

## Yadda yunwa ta koma "sata"

Mafi yawan ƙasar da ke kewaye da Perth rairayi ne marar albarka. Ƙasa mai kyau tana bakin koguna, musamman wajen Guildford da saman kogin Swan. Saboda kowa na son bakin ruwa, sai aka yanka filayen siri-siri, kowanne da ɗan goshi a kogi da doguwar jela zuwa cikin daji. Cikin 'yan shekaru bakin kogin ya ƙare. Kuma a daidai nan ne filayen doyar warran suke, nan ne fadamu da maɓuɓɓugai da hanyoyin da dangogi ke bi daga yanayi zuwa yanayi.

Daga nan abin ya bi mataki-mataki. Tumaki da shanu suka cinye ciyawar kangaru, aladu suka tone saiwoyi, karnuka da bindigogin baƙi suka rage namun daji. Wutar dajin da Noongar suka saba cinnawa ta zama laifi domin tana cin shinge da amfanin gona. Mutumin da aka hana abincin kakanninsa ya ga tunkiya na kiwo a filinsa, ko buhun fulawa a rumbun da aka gina kan hanyarsa. A tsarinsu, wanda ya ci daga ƙasarka dole ya raba abin da yake da shi da kai, don haka ɗaukar dankali ko soke tunkiya karɓar haƙƙi ne. A dokar Ingila kuwa sata ce, kuma mai gona na ganin yana da ikon harbi.

Su ma baƙin ba a ƙoshe suke ba. Ba su kai 2,000 ba a farkon shekarun 1830, noman ya ƙi, abinci ya yi ƙaranci har Stirling ya tafi Landan a 1832 neman agaji, bai dawo ba sai 1834. Mutum mai yunwa da tsoro da bindiga a hannu ba ya dogon tunani. Gwamnati ta gwada rabon fulawa don rage rikici, tana bayarwa tana yankewa, yankewar kuma ta fi rashin bayarwar tayar da hankali.

Sai kuma batun jini. A dokar Noongar, idan aka kashe ɗan dangi dole a rama, kuma ramuwar na iya sauka kan kowane mutum daga ɓangaren wanda ya yi kisan. Amma tana da iyaka: rai ɗaya, ko sukar mashi a cinya, magana ta ƙare. Turawa suka riƙa ganin an kashe wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, su kuma ramuwarsu ba ta da ƙididdiga. Tun a Mayu 1830 sojojin Kyaftin Frederick Irwin suka far wa mutane a tafkin Galup, wanda Turawa suka sa wa suna Lake Monger.

## Uba da ɗa: Midgegooroo da Yagan

Midgegooroo dattijo ne na Whadjuk mai ƙasa a kudancin kogin Swan, Yagan ɗansa ne. A 1831 wani baran gona ya harbe ɗan danginsu da ke tonon dankali. Suka rama kan wani bara a gidan, Erin Entwhistle. A 1832 aka kashe William Gaze kusa da kogin Canning, aka kama Yagan aka kai shi tsibirin Carnac. Wani Bature, Robert Lyon, ya yi ta jayayya cewa Yagan fursunan yaƙi ne mai kare ƙasarsa, ba mai laifi ba, wato ya sa yatsa a kan ƙullin da aka ambata. Bayan mako shida Yagan ya tsere a kwale-kwale.

A Afrilu 1833 aka harbe ɗan'uwansa Domjum a garin Fremantle da ke bakin teku kusa da Perth, ana zarginsa da fasa shagon fulawa. Ramuwa ta faɗa kan wasu 'yan'uwa biyu, Tom da John Velvick. Gwamnati ta sa fam 30 a kan Yagan, a raye ko a mace, fam 20-20 a kan Midgegooroo da wani jagoran Whadjuk mai suna Munday. Aka kama dattijon a watan Mayu, kuma ranar 22 ga watan aka ɗaure shi a ƙofar kurkukun Perth sojoji suka harbe shi. Ba a kai shi kotu ba. Irwin, wanda ke riƙon gwamna, shi da majalisarsa suka yanke hukuncin a zaune. Talakan Sarki ke nan, shekara huɗu bayan shela.

Ranar 11 ga Yuli, 1833, wasu yara makiyaya biyu, William da James Keates, waɗanda Yagan ya sani kuma ya saki jiki da su, suka harbe shi a saman kogin Swan don kuɗin lada. William ma a nan aka soke shi ya mutu. Jaridar Perth Gazette kanta ta kira kisan yaudara. Aka yanke kan Yagan aka ƙyafe shi da hayaƙi, aka feɗe fatar bayansa mai tsagar dangi. Wani hafsa, Robert Dale, ya tafi da kan Ingila, aka nuna shi a Landan, ya ƙare a gidan tarihi a Liverpool, aka binne shi a maƙabartar Everton a 1964. Dattawan Noongar ƙarƙashin Ken Colbung suka yi shekaru suna nema kafin a tono shi a dawo da shi a 1997, sai a Yuli 2010 aka binne shi kusa da inda aka kashe shi. A shekarar da kan ya dawo, wasu suka je suka sare kan mutum-mutuminsa da ke tsibirin Heirisson, aka gyara, suka sake sarewa.

## Safiyar 28 ga Oktoba, 1834

Bayan an karya Whadjuk, saura Binjareb, kimanin kilomita 80 kudu da Perth. Ƙasarsu na cikin abin da aka rubuta wa Peel, tana kuma kan hanyar da Stirling ke son buɗewa zuwa kudu. A Afrilu 1834 jagoransu Calyute da mutanensa suka shiga injin niƙan George Shenton a South Perth suka kwashe fulawa kimanin kilo 440. Aka kama shi, aka yi masa bulala 60 a bainar jama'a, aka tsare shi a Fremantle. A Yuli, bayan an sake shi, aka kashe wani soja matashi, Hugh Nesbitt, kusa da Mandurah.

Stirling ya fita da mutum 25: shi da kansa, babban mai awon ƙasa John Septimus Roe, shugaban 'yan sanda Theophilus Ellis da 'yan sandan doki, sojojin runduna ta 21, Peel, da wasu. Dokin na da muhimmanci. Bindigar lokacin ta ɗuri ce, ƙwararren soja ba ya wuce harbi biyu ko uku a minti, kuma hoda na ƙin tashi in ta ji danshi. A cikin daji, a kurkusa, mai mashi ya fi shi sauri, ga shi ya san ƙasa. Abin da ke ba Turawa galaba shi ne su tarar da mutane a zango da sassafe, mata da yara na tare da su, su rufe hanyar gudu. Haka aka tsara.

Sun tarar da zango mai mutum 60 zuwa 80 a bakin kogin Murray. Stirling ya tura Ellis da 'yan sandan doki su tunkare shi ta ɓangare guda, ya sa Roe da wasu su tsare mashigi, shi kuma ya jera sauran a ɗaya gaɓar. Da Ellis ya iso, mazan suka ɗauki masu suka jefa. Ellis ya faɗo daga doki da rauni a ka, wani mai suna Patrick Heffron ya sami sukar mashi a hannu. Mahayan suka buɗe wuta, mutane suka ruga kogi don haurawa, sai suka tarar da bindigogin Stirling a gabansu. Waɗanda suka tsira daga harbin farko suka nutse a ruwa, suka maƙale a saiwoyi da kututture, ana bin su ana harbi daga gaɓa biyu. An yi fiye da awa ɗaya ana wannan.

Da aka busa ƙaho, Stirling ya tara matan da yaran da aka kama, ya sallame su da saƙo: idan aka sake taɓa Bature, ba za a bar ko mutum ɗaya daga cikinsu da rai a wannan ɓangaren duwatsu ba. Ellis ya mutu ranar 11 ga Nuwamba, shi kaɗai ne daga ɓangaren Turawa.

## Hujjar kowane ɓangare

Masu cewa yaƙi ne, cikinsu har da marubuci Keith Windschuttle wanda ya tayar da ƙura kan wannan fanni tun 2000, suna kafa hujja da cewa mazan Binjareb na riƙe da makamai, sun jefa masu, sun raunata biyu, ɗaya ya mutu. Cewa an fita ne don kamo waɗanda suka kashe Nesbitt. Kuma an saki matan da aka kama.

Masu cewa kisan kiyashi ne suna duba tsarin. Gwamna da kansa ya fito da rundunar da aka raba uku tun kafin a yi harbin farko. Ba a koma Perth da ko mutum ɗaya don shari'a ba, alhali kama masu laifi aka ce an je yi. Yawancin waɗanda suka mutu a cikin ruwa aka harbe su suna gudu ko suna ɓoye, kuma akwai mata da yara cikinsu. Masanan Jami'ar Newcastle ƙarƙashin Lyndall Ryan, waɗanda suka zana taswirar irin wannan kisa a faɗin Ostareliya, ma'auninsu shi ne kashe mutum shida ko fiye da ba su da halin kare kai a farmaki guda. Sun lissafa wurare fiye da 400 da mutane fiye da 10,000 tsakanin 1788 da 1930, Pinjarra na ciki.

A ganina hujjar masu cewa yaƙi ne tana tsayawa ne a mintunan farko kawai. Wanda aka far wa a gidansa ya ɗauki mashi, wannan bai mayar da abin fagen daga ba, kuma abin da ya biyo bayan waɗannan mintuna, farauta ce. Sannan masu kiransa yaƙi na jefa kansu cikin rami: idan yaƙi ne, to Binjareb al'umma ce mai 'yanci da aka ci da ƙarfi, maganar cewa an zauna a ƙasar cikin lumana ta rushe. Idan kuma talakawan Sarki ne, to gwamna ya kashe talakawansa ba shari'a. Sakataren mulkin mallaka a Landan, Lord Glenelg, ya tuna wa Stirling a 1835 cewa mutanen na ƙarƙashin kariyar doka. Iyakar abin ke nan. Stirling ya ci gaba da mulki har farkon 1839, daga baya ya kai muƙamin admiral.

Adadin mamata ma gardama ne. Stirling ya rubuta 15, Roe ya ce 15 zuwa 20, rahoton Perth Gazette ya kai 25 zuwa 30, labarin baka na Binjareb da wasu ƙiyasi na kai wa 80. Dalilin saɓanin ba boyayye ba ne: waɗanda suka yi harbin su ne suka yi ƙidayar, suna rubuta wa ofishin da zai iya tuhumarsu, kogi ya tafi da gawarwaki, wanda ya tsere da harsashi a jiki ya mutu a daji ba ya cikin lissafi. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, a dangin da bai kai ɗari ba, an cire masa ƙashin baya.

## Iyakar ta matsa, salon bai canza ba

Duk inda tumaki suka isa, labarin ya maimaita kansa. A kwarin Avon, bayan kashe wasu Turawa biyu, Peter Chidlow da Edward Jones, a 1837, Laftana Henry Bunbury ya jagoranci farautar Ballardong. Wani ɗan mishan, Louis Giustiniani, ya yi ta rubuta ƙorafi har zaman ya gagare shi ya bar ƙasar a 1838. A Wonnerup, a Fabrairu 1841, gardama kan ladan aiki ta sa wani Bature mai gona, George Layman, ya kama gemun dattijon Wardandi, Gayware, wanda babban cin mutunci ne a wurinsu. Gayware ya soke shi. Kyaftin John Molloy da John Bussell suka fita ramuwa. Rahoton hukuma ya ambaci mutum ƙalilan, amma wani littafin tarihi na 1897 da labarin bakan Wardandi sun ba da labarin kisa mai yawa a wajen Minninup. A 1842 Charles Bussell ya harbe wata yarinya 'yar shekara bakwai yana tuhumarta kan fulawa. Kotu ta ci shi tarar sule goma. A can gabas, a Cocanarup, kisan wani Bature, John Dunn, a 1880 ya jawo kisan ramuwa a kan Noongar na yankin, wanda sai a 2015 aka kafa masa wurin tunawa.

Cuta ta yi nata ɓarnar, musamman ƙyanda a 1860 da 1883, mai yiwuwa ma ta fi harsashi kisa. Amma ta sami mutanen ne a yunwace, an raba su da ruwansu da abincinsu.

Sai tsibirin Wadjemup, wato Rottnest, kimanin kilomita 19 daga Fremantle, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa hutu yau. Daga 1838 zuwa 1931 an tsare maza da yara 'yan asalin ƙasa kimanin 3,700 a can, daga duk faɗin jihar, da yawa saboda soke tunkiya ko ƙona daji ko gudu daga wurin ubangida. Aƙalla 373 na kwance a kaburbura marasa alama. Har 2007 ana kafa tantin 'yan hutu a kan maƙabartar, kurkukun kuma otal ne har 2018. Amfanin tsibirin ga gwamnati shi ne ya kwashe jagorori da masu riƙe da dokar dangi ba tare da an ji ƙarar bindiga ba.

## Daga bindiga zuwa takarda

Da tirjiya ta ƙare, doka ta karɓi aikin. Dokar 1905 ta mayar da Babban Mai Kariya, wato jami'in gwamnati mai kula da 'yan asalin ƙasa, uban riƙon duk yaron 'yan asalin ƙasa da bai kai shekara 16 ba, da ikon ɗauke shi daga iyayensa, da ikon sa baki a aure da aiki da wurin zama. A. O. Neville ya riƙe wannan iko daga 1915 zuwa 1940. Aka buɗe sansanin Carrolup a 1915, na Moore River a 1918. Daga 1927 zuwa 1954 ɗan Noongar ba ya shiga tsakiyar Perth sai da takardar izini.

Tabon yana nan. 'Yan asalin ƙasa kimanin kashi 4 ne cikin 100 na mutanen jihar, amma su ne kimanin kashi 40 na manyan da ke kurkuku. Masu jin harshen Noongar sosai kaɗan suka rage, ko da yake ana koyar da shi a makarantu yanzu.

## Me ya dawo hannunsu?

Hukuncin Mabo da babbar kotun Ostareliya ta yanke a 1992 ya rusa ƙaryar cewa ƙasar ba ta da mai ita, amma ya zo da sharaɗi mai wuya: sai ka tabbatar alaƙarka da ƙasar bisa dokar gargajiya ba ta yanke ba tun zuwan Turawa. Wato wanda aka fi kora shi zai fi shan wahalar kawo hujja. A Satumba 2006 Alƙali Murray Wilcox ya ce Noongar sun cika sharaɗin a yankin Perth. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2008. Sai aka koma teburi.

Sulhun da ya fito, wanda ya fara aiki a Fabrairu 2021, an ƙiyasta shi kan dalar Ostareliya biliyan 1.3, kuma ya shafi mutum kimanin 30,000. Gwamnati za ta zuba dala miliyan 50 duk shekara har shekara 12 a asusun amana na dindindin, da miliyan 10 a shekara don tafiyar da ƙungiyoyin yanki shida da cibiyarsu. Za a miƙa fili har hekta 320,000, a kuma riƙa kula da wasu gandun daji tare. Majalisar jiha ta yi doka a 2016 ta amince Noongar ne masu ƙasar na asali. Wasu masana shari'a na kiransa yarjejeniya ta farko a tarihin Ostareliya.

Ba duka Noongar suka yarda ba. An amince da shi ne da rinjaye a taruka shida a 2015, wasu suka kai ƙara suka yi nasara a 2017, majalisar tarayya ta gyara doka don sulhun ya tsira. Ƙorafinsu shi ne an sarayar da haƙƙin ƙasa na gado da duk wata diyya ta gaba, har abada. Lissafin ma ba ya ɓuya: hekta 320,000 daga hekta miliyan 20 kashi 1.6 ne cikin 100. Masu goyon baya na amsa cewa a kotu za a iya ƙarewa ba ko taƙi, domin haƙƙin gado ya riga ya mutu a doka a duk filin da aka taɓa ba wani mallaka.

Filin da za a miƙa daga na gwamnati zai fito, mafi yawansa daji ne da wuraren da ba a raba wa kowa ba. Gonakin bakin kogin Swan da Murray da Avon da aka yanka wa Turawa tun 1829 ba sa cikin lissafin.